Daram, In Ji Saje

Rahila, ke da ƙanenki Iliya kun sha jin labarin nan, kuma duk jin da kuka yi ƙarya kuka ji. Kowace Kirsimeti, da an ci shinkafa an ƙoshi, Baba Kofur zai gyara zama ya ce, "Ku matso in ba ku labarin ranar da uwarku ta fasa gilashin jirgin Saje." Ku yi ta dariya, ni ma in taya ku. Shekara tara ke nan ina taya ku. To yanzu na zauna in gyara maganar, kuma kun san halina, ba na dogon sharar fage. Makarantun da na yi da shekarar da na gama sakandare ku tambayi Mama, ita ke ɓoye takardu a ƙasan akwati. Ni shekara ɗaya nake son ba ku, a cikinta ma kwana uku.

Kakanku, wanda duk Zuru ke kira Saje, ya ƙare aikin sojansa a kudu, cikin ruwa, yana tuƙa ƙananan jirage. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya tarar ruwan da ya fi girma a unguwarmu shi ne na randar Mama. Bai yi wata shida ba ya tafi Yauri wurin abokinsa Baba Umaru, mutumin ruwa tun kaka da kakanni, ya dawo a bayan babbar mota da wani tsohon jirgin ruwa na faiba, irin robar nan mai tauri, ba inji, ba kujera, gilashin gabansa ya yi hazo kamar idon tsohuwa. Aka sauke shi a gindin ɗorawar gidanmu, a kan tsofaffin tayoyi huɗu. Nan ya shekara bakwai. Kaji suka yi ƙwai a ciki, akuya ta haihu a ƙarƙashi, shi kuma kullum da safe yana kansa, yana kankara, yana liƙi, yana fenti. Masu wucewa sukan leƙo ta kan danga.

"Annabi Nuhu, barka da aiki! Yaushe ruwan zai zo?"

"Ranar da ya zo," in ji shi, ko kai ba ya ɗagawa, "kada in ga ƙafarka a nan."

Shekara bakwai ba komai ba ce a wurinsa. Damina bakwai ya yi yana golmo a gonar kakanmu a Dabai, noman da saurayi ke yi kafin a ba shi mata, sannan ya samu Mama. Ni kuwa ruwan zafi ma ba na iya jira ya tafasa. Mama takan ce Allah ya raba haƙurin gidan nan ran da ba na nan.

Akwai kalma ɗaya da dole ku gane kafin in ci gaba. In Saje ya gama gyaran abu, ko ya gama duba shi, yakan buga shi da tafin hannu sau biyu ya ce, "Daram." Daga nan magana ta ƙare. Ƙofa, sarƙar keke, turken akuya, takardar jarrabawa, duk haka. Har ubanku, ranar da ya zo gaisuwa da rigarsa mai guga, Saje ya dube shi daga hula zuwa takalmi, ya bugi kafaɗarsa sau biyu, kowa ya san an gama. Abin da ya ce wa daram ba a sake taɓa shi. Mama ta taɓa sake ɗaure wata akuya bayan ya faɗi kalmar, ya kwana biyu ba ya cin tuwonta. Ba wai fushi irin na masifa ba. Yana ganin in ba a yarda da daram ɗinsa ba, to me ya rage masa?

Ni ya so in zama ma'aikaciyar jinya a barikin soja, da farar riga da igiya a kafaɗa. Na ce jini ba ya yi mini, na tafi shagon Oga Emeka a bakin tasha na koyi ɗinkin tamfol da kujerun mota da rumfar keke napep. Shekara uku ina shagon, Saje bai taɓa taka ƙofar ba. In hanya ta biyo da shi, sai ya tsallaka ɗaya gefen titi, ya kafe ido a gaba kamar ana fareti. Oga Emeka, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, yakan ce mini, "Laraba, hannunka yana da kyau. Amma bakinka yana gudu ya wuce keken ɗinki."

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an cire gero, Baba Umaru ya aiko cewa inji ya samu. Kwana biyu bayan haka ina kan keke ina ɗinki sai inuwa ta rufe ƙofar shago. Saje ne, a tsaye ƙyam, hannunsa na dama cikin aljihu.

"Oga, rumfa nake so. Ta jirgi."

"Saje, ni ban taɓa ɗinka na jirgi ba," in ji Oga Emeka. Ya nuna ni da almakashi. "Ga wanda zai yi."

Baba ya dubi keken ɗinkin, ba ni ba. "Za ta iya?"

"Baba, ga ni nan gabanka, ba a Wasagu nake ba. Ni za ka tambaya."

"Za ki iya?"

"Zan iya."

"Kore nake so," ya ce, ya juya ya fita.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Tun da aka haife ni bai taɓa neman in yi masa wani abu da ya wuce miƙo ruwa ba. Na zaɓi tamfol mafi kauri a shagon, kore shar irin na soja, na yi ɗinki biyu-biyu a kowane baki. Rumfar jirgi ba kamar ta keke ba ce. A baya tana hawa kan bututun ƙarfe biyu da aka lanƙwasa, da igiyoyi masu jan ta baya. A gaba kuma bakinta na da maɓallai da ake dannawa a saman firam, wato ƙarfen alminiyam ɗin da ya kewaye gilashi. Duk jan da aka yi a baya, firam ɗin nan ne ke ɗaukar nauyinsa. Ranar da na je awo na dafa shi na ji ya motsa. Na faɗa.

"Wannan aikina ne," in ji Saje. "Ke ki ji da zarenki."

Yanzu in na waiwaya, alamu sun fi a ƙirga. Mutumin da ke aske gemunsa da kansa tun kafin a haife ni ya koma zuwa wurin wanzami. Ya daina cin tuwo a tsakar gida, sai a kai masa ɗaki. Littafin addu'a da yake riƙewa a hannu ya koma shimfiɗa shi a kan tebur. Hannun dama kullum cikin aljihu, ni na zaci sabuwar yanga ce ta tsufa. Ban ga komai ba. Mai yawan magana ba ya gani, bakinsa ke tare masa ido.

An shirya babbar mota za ta zo ranar Asabar da safe ta kai jirgi Yauri. Ranar Alhamis bayan azahar na iso da rumfa a naɗe a bayan mashin. Baba Umaru ya riga ya zo tun ranar Laraba, suna zaure shi da Baba Kofur, abokin Saje tun barikin farko, suna cin gyaɗa suna musu a kan wanda ya fi tsufa. Ni da Baba kaɗai ne a gindin ɗorawa.

"Firam fa?" na ce.

Ya buga shi sau biyu. "Daram."

Da hagu ya buga. Wannan ma sai daga baya na tuna.

Na danna maɓallan gaba ɗaya bayan ɗaya, na koma baya na kama igiya na ja. Sai ga gilashi da firam gaba ɗaya sun rusuno wajena kamar yaro zai gaida surukinsa. Na saki, suka koma. Na sake ja, suka sake rusunawa. Na zagayo na ɗora yatsa a kan ƙusa ɗaya, irin masu zaren nan, na murza. Da yatsa kawai ta juya. Ƙusoshi goma ne, huɗu a cikinsu ko rabi ba su shiga ba, kawunansu a sama. Ga alminiyam ɗin kewaye da su duk ya sha karce, kamar kaza ta yi tono a wurin. Da mai hankali ce da karcen nan ya ishe ta. Ni kuwa baki ya riga ya tafi.

"Baba, wannan ne daram? Haƙorin Kaka ta Dabai ya fi shi tsayuwa! Da na ja da ƙarfi ai da ya faɗo mini a ka. Shekara bakwai kana kan jirgin nan, ƙusa goma ta gagare ka?"

Ban taɓa mantawa da fuskarsa ba. Bai yi tsawa ba. Da ya yi da na fi jin daɗi. Ya sunkuya ya ɗauki sukundireba daga akwatin kayan aiki, kuma a karon farko cikin watanni ya fito da hannun dama daga aljihu. Ya kai bakinta kan ƙusa. Ta ƙi zama. Tana ta rawa kewaye da kan ƙusar, ƙyas, ƙyas, ƙyas, tana ƙara wani karcen a kan na da. Ya kama wuyan hannun da hagunsa ya danne. Ya samu ta shiga. Ya tattara duk ƙarfin kafaɗarsa ya tura, sai ta zame ta daki gilashi. Ƙas! Tsaga ta tashi daga kusurwar ƙasa ta miƙe sama, tsawonta kamar taƙi ɗaya. Sukundireba ta faɗi kusa da ƙafata. Hannun kuwa bai san an gama ba, yana nan a sama yana ta karkarwa, shi kuma yana kallonsa kamar hannun wani baƙo.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun shuka."

"Mama ta sani?"

"Ba wanda ya sani." Ya mayar da hannun aljihu. "In Umaru ya gani ba zai bar ni in riƙe sitiyari ba. Ba ya wasa da ruwa. Ni ma da ni ne shi, haka zan yi."

To kun ji abin da ke ƙasa. Ba gilashi ba ne. Mutum ya shekara bakwai ana kiransa Annabi Nuhu don kawai ya sake jin sitiyari a hannunsa sau ɗaya, saura kwana biyu, ni kuma na zo da bakina na tone shi. Kafin in ce wani abu sai ga ƙarar takalma daga zaure.

"Mi ya hwaru?" in ji Baba Umaru. "Mi na ji ya yi ƙara haka?"

Na ga Baba ya miƙe ƙyam, ya buɗe baki. Na san abin da zai ce, don a rayuwarsa bai taɓa barin wani ya ɗauki laifinsa ba. Amma a gidanmu ba a taɓa riga ni magana ba. Na duƙa na ɗauki sukundireba.

"Ni ce. Na ja rumfa da ƙarfi, firam ya saki, na ce bari in ɗaure da sauri, ta zame mini."

Baba Kofur ya tafa hannu ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Na faɗa! Wallahi na faɗa! Saje, shekara bakwai kaji ba su fasa ba, akuya ba ta fasa ba, Laraba ta zo minti biyar!"

Baba Umaru ya shafa tsagar da yatsa, ya girgiza kai. "Ɗiyata, sauri ya haihi nawa. Wanga gilashi ba a samun irinai nan kusa."

Saje ya dube ni. Ya rufe bakinsa a hankali, kamar mai haɗiye magani mai ɗaci. Sai da Baba Umaru ya tafi sallar la'asar, Baba Kofur ya fita baza labari, sannan ya yi magana, yana kallon ɗorawa.

"Ban sa ki ba."

"Ba ka sa ni ba. Amma da sharaɗi. Ranar Litinin za mu asibiti, ni da kai. Sannan a ruwa ba za ka riƙe sitiyari kai kaɗai ba. Zan ce ina son koyo, in tsaya kusa da kai, hannuna a kai. In ka ƙi, yanzu in je masallaci in jira Baba Umaru a bakin ƙofa."

"Ke yanzu saje kike ba oda?"

"E."

Wata busasshiyar ɗorawa ta faɗo cikin jirgi, muka kalle ta mu biyu.

"An ji," ya ce. "Gobe ƙarfe shida. Ki zo da mahujin hannu na Oganki, da gam ɗin nan mai haɗi biyu. Kuma ki karya kumallo, ba hutu."

Ranar Juma'a ita ce rana mafi tsawo a rayuwata, kuma da za a ce in zaɓi rana ɗaya in sake yi, ita zan ɗauka. Ya ɗauko kujera 'yar tsugune ya zauna a inuwa, hannun dama a fili a kan gwiwa tun da ba sauran ɓoyo tsakaninmu, yana ba da umarni kamar yana gaban kurata. Ashe ya san ciwon firam ɗin sarai. Ba ɗauri ne maganinsa ba. Rana da shekaru sun cinye faibar da ke kewaye da ramukan, sun yi faɗi, ƙusa ba ta da abin kamawa, ko ƙato ne ya murza ta haka za ta yi ta juyi. Ya san abin da ya kamata a yi tun shuka, hannun yi ne babu, bakin roƙo kuma bai taɓa mallaka ba. Na kwance ƙusoshin duka, muka ɗaga firam da gilashi muka kwantar a kan tabarma. Na kankare tsohuwar robar da ta bushe a ƙarƙashi, na wanke ramukan, na kwaɓa gam na cike su ɗaya bayan ɗaya. Sannan, ba tare da ya ce ba, na ɗauki samfefa na goge karcen nan na kewayen ƙusoshi har alminiyam ya yi sumul. Ya gani. Ya kau da kai.

Gam na son awanni kafin ya kama. Bayan rabin awa na fara danna shi da farce.

"Ya yi," na ce. "Mu huda."

"Bai yi ba."

"Baba, ya yi tauri!"

Mama ce ta wuce da faifan dawa a hannu, ko tsayawa ba ta yi ba. "A Dabai," ta ce, "ba a ɗora jinka a kan ɗanyen rumbu. Wanda ya ɗora, shi da hatsinsa a ƙasa za su kwana."

Don kada in haukace da jira, Saje ya ba ni aikin da ya fi jiran wuya. Ya ce in kawo mahuji da mafi siririn baki. Gilashin jirgi irin na roba ne, ana iya huda shi. Ya sa ni na nemo daidai inda tsagar ta ƙare, har da lumshe ido ɗaya.

"Tsaga matafiyiya ce," ya ce. "Kina ganin ta tsaya, ba ta tsaya ba, hutawa take. Da jirgi ya fara dukan ruwa za ta ci gaba har ta raba gilashin biyu. Sai an haƙa mata rami a gabanta ta faɗa, sannan ta haƙura. Amma in kika danna, ke za ki ƙarasa mata tafiyar. Kada ki tura. Ki bar ƙarfen ya ci da kansa."

Na fara juyawa.

"A hankali."

"A hankali nake yi!"

"Wannan hankalin naki ne. Na mutane nake so."

Na rage. Zufa na ɗiga daga hancina kan gilashi, farin gari siriri na fitowa daga ramin, shi kuma ya matso har ina jin numfashinsa a kunnena, yana cewa, "Haka. Haka. Yawwa." Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da bakin mahujin ya faɗa ta ɗaya gefen, sai na ga ɗan rami kamar ƙwayar gero, tsaga ta zo ta tsaya a bakinsa cak.

Bayan la'asar gam ya zama dutse. Muka yanka tsohon tib na mashin muka shimfiɗa a madadin roba, muka mayar da firam. Wannan karon ba ƙusa ba. Ya sa na huda har ƙasa, muka zura dogayen bol, irin masu ratsawa su fito ta ɗaya gefen, ta ciki kuma aka sa faffaɗan katakon maɗaci da washa da noti, yadda nauyin zai bazu maimakon ya taru a rami ɗaya. Ni ce na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, cikin warin kashin kajin shekara bakwai, da sifana a hannu. Daga sama kuwa dole wani ya riƙe kan bol kada ya juya.

"Bari in kira Baba Kofur," na ce.

"Hagu lafiyarta ƙalau," in ji shi.

Shi ya riƙe. Ya hana ni ɗaure ɗaya har ƙarshe. Kaɗan a nan, kaɗan a can ƙetare, a dawo, a sake zagayawa, don kada gilashi ya matsu ta gefe guda. Daga ƙarshe muka yanka ragowar bututu biyu muka tokare firam ɗin ta ciki, hagu da dama, yadda in rumfa ta ja baya akwai mai cewa a'a. Kuma tun da gaskiya na zauna faɗa, ga nawa laifin na ainihi: rumfar na yanke ta cif-cif, don ina son ta ɗame kamar fatar ganga. Saje ya auna da ido ya ce ta gaza da yatsa biyu, kuma tamfol in ya sha ruwa ya bushe ƙanƙancewa yake. Da an bar ta haka, ko firam ɗin ƙarfen jirgin ƙasa ne sai ta girgiza shi. Na yi musu, na auna, na ga yatsa biyun. Na koma shago na ƙara mata baki.

Asabar da hantsi, mota na ƙofar gida, rabin unguwa na kan danga, na danna maɓallai na koma baya na ja igiya. Rumfa ta miƙe sumul. Firam ko gezau. Kowa ya zuba ido, don kowa ya san abin da ya rage. Saje ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya kama saman firam da hagu ya jijjiga. Ya ɗaga tafin hannu. Sai ya sauke.

"Wanda ya ɗaure," ya ce, "shi ke bugawa."

Ya nuna mini wurin da haɓa. Na buga sau biyu, na ce daram.

"A hankali dai, Fasa-gilas!" in ji Baba Kofur. "Kada ki ƙarasa shi!"

Sunan nan ya bi ni. Kafin mu dawo daga Yauri ya riga mu isa tasha. Masu keke suka riƙa cewa Oga Emeka a ɗinka musu rumfa amma kada Laraba ta matsa kusa da gilashi, shi kuma ya kusa shekara bai bar ni na ɗaura rumfa ni kaɗai ba. Wani ya taɓa ɗauke kekensa ya kai wani shago don ya ga na ɗauki sukundireba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, don a wannan aikin suna shi ne hannu. Har yau da nake da shagona, akwai tsofaffin direbobin da ba su san sunana na yanka ba.

Amma na ga Saje a ruwa. Mama na zaune ƙarƙashin koriyar rumfa cikin rigar ruwa, ta ƙanƙame kujera, tana waƙar coci da ido a rufe. Baba Umaru na baya wurin inji. Ni kuma na ce ina son koyo, na ɗora hannuna a kan nasa a sitiyari. Abin da ban sani ba shi ne, in inji ya tashi komai na jirgi rawa yake, sitiyari, gilashi, haƙoranka. Ba mai iya cewa ga rawar inji ga ta mutum. Ya kai mu tsakiyar kogi, ya yi kwana mai faɗi, iska na dukan rumfa tana neman ɗage ta, firam na tsaye. Ta cikin gilashin, daidai saman ɗan ramin nan, yake kallon gaba. Da muka dawo gaɓa ya zare hannunsa daga ƙarƙashin nawa.

"Umaru, karɓi jirginka. Na ƙoshi."

Bai sake tuƙi ba. Litinin muka je asibiti kamar yadda ya yi alkawari, aka ɗora shi a kan magani, ya rage gudun ciwon amma bai tsayar da shi ba. Jirgin yana wurin iyalan Baba Umaru, yana kai mata kasuwa. Rumfar ce ta uku yanzu, duk ni na ɗinka. Firam ɗin ba a sake taɓa shi ba, tsagar ma tana nan inda ta faɗa raminta.

Yanzu kowa ya san hannun kakanku, ku ma kuna riƙe masa kofi. Amma a zatona ba wanda ya taɓa haɗa hannun da gilashin. Shi kansa ya yi ƙoƙarin gyara labarin. Kirsimetin da ta wuce, Baba Kofur na tsakiyar labari, na ji Saje ya ce, "Ni ne." Muryarsa ta yi ƙasa sosai yanzu. Baba Kofur ya juyo ya ce, "Kai ne me, Saje? Ƙarin nama? Ku ƙara masa nama!" Washegari Saje ya kira ni ya ce tun da nasa bakin ba ya kai wa, in rubuta.

Mama na fara karanta wa, tana tsintar wake. Ina jiran ta zabura. Ko hannunta bai tsaya ba.

"Wa kike tsammani ya fara zuba masa shayi rabin kofi tun shukar?" ta ce. "Wa ya ce a riƙa kai masa tuwo ɗaki? Ranar ma ina tagar madafi, a idona aka yi."

"Kika bar ni shekara tara ana ce mini Fasa-gilas?"

"Tun da na haife ki ranar ce kaɗai bakinki ya riga kowa kuma ya sauka wuri mai kyau. In ɓata miki?"

Saboda haka in Baba Kofur ya gyara zama bana, ku bar shi ya ƙarasa. Tsoho ne, labarin nan kaɗai ya rage masa da ba ya mantawa. Ku yi dariya. Ku dai kun sani.

Jiya da hantsi na kai wa Saje takardun, na karanta masa tun daga farko. Ya saurara ido a rufe. Da na gama ya ce wuri ɗaya na yi kuskure, ƙusoshin goma sha biyu ne. Na ce goma ne, ni na kwance su da hannuna. Ya ce sha biyu. Na ce Baba, goma, kuma ba zan canza ba. Ya buɗe ido ya dube ni, gefen bakinsa ya motsa. Ya ce in ɗora takardun a kan gwiwarsa. Sai ya ɗaga hannu, na dama. Ya daɗe a sama yana lilo, yana neman hanya, kamar tsuntsun da iska ta hana sauka. Yatsuna har ƙaiƙayi suke in kama in sauke masa. Na zauna a kansu. Na jira, ni Laraba, har ya sauka. Ya sake ɗagawa, na sake jira.

"Daram," in ji Saje.